Amsa kan auna zangon da kamfanonin waya ke rabawa

Assalamu alaikum, jama'ar gida. Malam, na ji tambayarka: in kamfanoni da yawa suna raba zangon rediyo ɗaya (wato yankin mitar da siginar waya ke bi), ta yaya ake sanin wa ke amfani da shi da gaske?

To, bari mu ɗauki Amurka, don can abin ya fi fitowa fili. A 2015 hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta buɗe zangon megahaz 3550 zuwa 3700, wanda ake kira CBRS. Asalinsa na radar sojan ruwa ne, kuma har gobe su ne a gaba. Bayansu sai masu lasisi, waɗanda suka saya a gwanjon 2020 da ya tara sama da dala biliyan 4.5, kamfanin waya na Verizon ne ya fi zuba kuɗi. Sauran jama'a su shiga inda ya rage.

Kowace eriya sai ta yi rajista da wata manhaja mai suna SAS, ta faɗi inda take da ƙarfinta, sannan a ba ta izini. A gaɓar teku kuma an kafa na'urori masu saurare. Da zarar sun ji radar jirgin yaƙi, sai a umarci eriyoyin yankin su bar tashar.

Amma ga inda nake so ku tsaya, don wallahi nan ake ruɗin mutane. Rajistar nan izini kawai take nunawa. Kamar rumfa ce a kasuwa: sunanka yana littafin sarkin kasuwa, amma ko ka buɗe yau? Dole a fita da na'urar awo, a ɗora eriya a kan bene, a bar ta dare da rana, a ƙirga kashi nawa na lokaci siginar ta wuce wani ma'auni. Shi ma ma'aunin nan akwai magana: ka ɗaga shi, ƙananan eriyoyin cikin gini su ɓace maka, ka sauke shi da yawa, ka ƙirga hayaniya a matsayin sabis. Kuma ƙarfin sigina kaɗai ba ya gaya maka mai ita, sai ka karanto lambar kamfani da eriyar ke shelantawa.

Abin ya dame ni ne saboda da irin alƙaluman nan ake yanke hukuncin a bar wa ƙananan masu kai intanet ƙauye zangon, ko a sayar wa manya. Shi ya sa duk rahoton da aka turo mana nan, Malam, ka fara duba ko daga rajista aka ciro shi ko daga awon sigina a iska, kuma a ina aka kafa na'urar.