In ajiye koyarwa in koma rubutu gaba ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a nan Dorayi, ina rubuta labarai ina sakawa a WhatsApp, ana yabawa sosai har wasu na cewa in fara sayarwa. Gaskiya koyarwar ta ishe ni, albashin ba ya kai ni ko'ina. In ajiye in rungumi rubutu kawai? Ana iya riƙe kai da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kar ki ajiye, wannan sakin reshe ne kama ganye.

Kin ga ko lokacin da littafin Hausa ke tashe a garin nan, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 2000, wanda masana suka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, marubuci shi ke biyan kuɗin ɗab'i daga aljihunsa, ya ɗauko littattafan ya kai wa dillalai a Sabon Gari su karɓa bashi, sai an sayar a biya shi, shi ma a tsittsinke, yau a ba ka kaɗan gobe a ce ka dawo mako mai zuwa. Yana daga cikin dalilan da ake raba labari na 1, na 2, na 3, kuɗin na farko shi ke buga na biyu. Ga kuma masu bayar da haya a unguwanni, kwafi ɗaya mutum nawa zai karanta. Mafi yawan waɗanda suka daɗe a harkar suna da wani abin yi a gefe.

Yanzu takarda ta yi tsada, kasuwar ta koma waya. Tsarin kin san shi, a saki shafukan kyauta, sai labari ya kai inda mai karatu ba zai iya barci ba, a ce saura sai an biya a shiga guruf. Ana samu, ban ce ba a samu ba. Amma mutum ɗaya zai biya ya kwafe ya watsa a guruf goma kafin gari ya waye, wani kuma ya ɗauka ya karanta a tasharsa ta YouTube yana cin kuɗin talla ko sallama bai yi miki ba. Doka tana bayanki, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba ki haƙƙin rubutunki ko ba ki yi rajista ba, kuma YouTube na da hanyar kai ƙorafi a sauke abin, sai dai bin sawun ɓarayin nan shi kansa aiki ne. Manhajojin sayar da littafi ma ba abin jingina ba ne ɗari bisa ɗari, OkadaBooks ta rufe a 2023, don haka kullum ki ajiye kwafinki a imel.

Abin da ya fi damuna da marubutan waya kuwa shi ne fara sakin labari ba a gama shi ba. Ƙarfe sha ɗayan dare, an ɗauke wuta, caji ya yi ja, babban yatsa na zugi, ga saƙonni na ta shigowa "Anti yau shiru?" Dole ki rubuta wani abu ko ba ki da shi, daga nan sai a fara jan labari, a ƙirƙiro kishiya ta uku, a kai jaruma asibiti ba gaira ba dalili. Wadda abincinta ya dogara da wannan ba ta da damar cewa bari in tsaya in gyara. Ke albashinki, duk ƙanƙantarsa, shi ke ba ki wannan damar. Ki gama littafin tukuna, ki ajiye shi ya huce, ki dawo ki yanke abin da bai da amfani, sannan ki ba wanda ba ya jin kunyarki ya karanta. Yabon 'yan guruf ba ma'auni ba ne, wallahi har wanda bai karanta ba yana turo "ma sha Allah". Ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano suna zaman karatu da sharhi, ki leƙa, can za ki ji gaskiya. Kuma don Allah ki kula da ƙa'idojin rubutu, ƙ da ɗ da ɓ suna nan a Gboard, wato madannin rubutu na waya, in kin saka Hausa.

Sauran ƙofofi akwai gasa, kamar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, akwai rubutun fim, akwai sayar wa masu tasha izinin karantawa. Duk wanda za ki yi da furodusa ko mai tasha a rubuta a takarda, nawa ne, yaushe za a biya, da sunan wa zai fito, a sa hannu da shaidu. In kuma za ki buga a takarda ki sayar a Kano, ki fara tuntuɓar hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jiha ki ji sharuɗɗansu.

Ki sayi ƙaramin littafin lissafi, ki yi shekara kina rubuta abin da rubutu ya kawo da abin da ya ci, har kuɗin data. In ya zarce albashinki wata bayan wata, ki sake rubuto min mu duba tare.