Yadda za ka gane motar tsere ta Japan a titunan Damagaram

Ɗan'uwa, ka ce ka ga wata jar mota gajera mai fiffike a baya ta wuce ta wajen Kasuwar Dole, kana son sanin ko Supra ce. Ina zargin Toyota Celica ka gani, don ita ta fi shigowa cikin motocin hannu.

Fara da fitilun baya. Toyota Supra ta 1993 zuwa 2002 tana da ƙananan fitilu zagayayyu jere cikin gilashi ɗaya a kowane gefe. Nissan Skyline GT-R kuwa manyan zobba huɗu ne, kuma samfurinta mai suna R34 da sitiyarin dama kawai aka ƙera ta. In ka ga hagu, an taɓa ta ko ba ita ba ce. Subaru WRX da hancin shan iska a kan bonet ake gane ta, ga ƙararta mai gurnani.

Kada fiffike da salansa mai ihu su ruɗe ka. Na taɓa bin wata a kan babur har Zango, ashe Corolla ce aka yi wa kwalliya, tambarin ma da gam aka liƙa shi!

In hoto kake so, nemi izinin mai ita, ka rufe lamba, kuma kada ka ɗaga waya kusa da bariki.

In saye ne, kai wa bakanike ya gwada lambar shasi da ta takarda. Ta waccan Supra, in don kasuwar Japan aka ƙera ta, tana ɗauke da JZA80. Ka tuna cikinta dab da ƙasa yake, rairayin lungunan Birni ba zai bar ta ba, man kwalba kuma illa yake wa injin turbo.