Muryar da aka tura a guruf: David ragon yaro ne?

Salamu alaikum jama'a. Malam, na ji saƙonka, wai fim ɗin da na turo, Tol'able David, ba magana, ba kala, kuma jarumin, David, ya ƙi ɗaukar fansa. Maganar sauti dai ka ajiye ta, kai ma ka san a 1921 ba a fara fim mai magana ba, sai wajen 1927. Abin da ke cin ka shi ne maganar fansar. So kake ka ce David rago ne, ka rasa ta inda za ka ɓullo.

To bari in tuna maka, tunda na san tsallakawa ka riƙa yi. Tol'able David, Henry King ya ba da umarni, Richard Barthelmess ya fito a yaron. Gidansu manoma ne, gonar ma ba tasu ba ce, ta haya ce. Yayansa Allan shi ke tuƙa keken dokin da ke kai wasiƙun gwamnati, kuma duk burin David bai wuce nan ba, a ba shi linzami, a ce ya zama namiji. Uwarsa kuwa kallon ɗan ƙaramin yaro take masa.

Sai ga 'yan Hatburn su uku, masu gudun hukuma, suka sauka gidan wani tsoho ɗan'uwansu a maƙwabta. Luke, wanda Ernest Torrence ya taka, ya kashe karen David haka kawai. Allan ya yi magana, ya juya baya, Luke ya rafke shi da dutse, ya nakasa har abada. Uban ya ɗauko bindiga zai fita, zuciya ta buga, ya faɗi. Ka ƙirga wa ya rage: uwa, yaya a kwance, matar yayan da jariri a hannu. David ya sungumi bindigar nan, uwar ta riƙe shi tana kuka. Idan ya je aka kashe shi, wa zai ci da su? Shi ne ya ajiye. Suka rasa gonar, suka koma cikin gari, ya kama aiki a kanti, mutane na ta yi da shi. Wannan ne ragwantakar? Haba Malam!

Kuma ka ga abin da ke ba ni haushi da guruf ɗin nan tun bara. Duk fim ɗin da jarumi bai daki mutum goma kafin rabi ba, sai a ce ba labari. Mun saba da na Indiya, an kashe uba, yaro ya girma, ya zo ya gama da kowa, ba wanda ke tambayar wa ya biya kuɗin haya duk shekarun nan.  

Ina nake? Yawwa, ƙarshen. Direban da aka sa a madadin Allan ya bugu, aka miƙa wa David keken. Jakar wasiƙu ta faɗi a hanya, Luke ya tsince ta. Nan ne David ya shiga gidan 'yan Hatburn. Ka lura fa, ba fansa ta kai shi ba, amanar da aka ba shi ya je karɓowa. Aka harbe shi, ya harbe biyu, suka kama kokawa da Luke, ƙato da yaro. Sai ka ga ƙofa tana buɗewa a hankali, ba ka san wa zai fito ba. Wurin nan ko rubutu ba ka buƙata.

Wani abu kuma, ba a sutudiyo aka ɗauki ƙauyen ba. King ɗan jihar Bajiniya ne, can cikin duwatsu ya kai 'yan wasan, shi ya sa shingen katako da hanyar ba su yi kama da na ƙarya ba. Barthelmess ma shekararsa 26 lokacin, amma dubi yadda yake tafiya kamar ɗan sha shida. A 2007 Amurka ta sa fim ɗin cikin finafinan da take adanawa.

Ka koma ka kalla daga inda uban ya faɗi, kar ka taɓa maɓallin gaba. Sannan ka yi mini murya, ba rubutu ba.