Kada ka danna auduga da ƙarfi a tsagar hunturu

Ka tambaye ni, yarona, me ya sa na hana ka cusa auduga da ƙarfi a tsagar kwale-kwalen nan da muka jawo tudu, alhali ga ɓaraka har rana na leƙowa ta ciki. Ka ce kamar rabin aiki muke yi. To, zauna ka ji.

Katako yana shan ruwa ya kumbura, in ya bushe kuma ya tsuke. Jirgin nan duk damina yana cikin gulbin Rima yana ƙetarar da mutane ranar kasuwa, ya ƙoshi da ruwa. Yanzu ga iskar hunturu tana busowa daga hamada, busasshiya, tun daga Disamba har Fabrairu, tana tsotse shi. Yadda ƙafarka ke yin faso a wannan lokaci, haka allunan ke buɗewa. Tsagar da kake gani yau ba ita ce faɗinta na gaskiya ba. In ka danƙara mata auduga da tsumma har ta cika tam, ranar da jirgi ya koma ruwa allon zai kumbura ya rasa wurin zuwa. Sai ya ture ƙusa, ko ya tsage a wani sabon wuri da ba ka taɓa ba. Ka murɗa audugar kamar igiya, ka tura ta da bakin kurfi marar kaifi, a hankali, ta zauna amma da sauran numfashi.

Kafin ma ka kai ga auduga, ɗauki guduma ka bi allunan ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen maɗaci yana amsawa da ƙara mai kauri. Inda ka ji sauti ya mutu, ruɓa ce a ciki, ko da fuskar tana da kyau; wannan allo sai a cire shi, ba ya karɓar faci. Ka duba kan ƙusoshi. Wadda ka ga baƙin zobe ya kewaye ta, tsatsa ta ci ta, ta ci katakon gefenta ma. Zare ta, ka buga sabuwa ɗan nesa da tsohon ramin.

Maganar kwalta kuwa, masu gaggawa ne ke narka ta da asuba don su gama da wuri. Ɓarnar kwalta ce kawai. Katako yana da sanyi, tana taɓa shi sai ta daskare a baki ba ta shiga ciki ba. Bari hantsi ya ɗaga, allo ya ɗumama, sannan ka zuba ta da zafinta, ka rufe da yankin gwangwani da ƙananan ƙusoshi. Kuma ka matsa da tukunyar nesa da zana, iskar nan ba ta wasa da wuta.

Ka kifa jirgin a kan duwatsu saboda gara, ka yi masa inuwa. Dole mu gama kafin Maris, don in bazara ta shigo zafin Sakkwato yana haura digiri 40, katako kuma ya fara murɗewa.

In mun tura shi ruwa zai yi yoyo, kada gabanka ya faɗi. A bar shi a bakin gaɓa ya sha ruwa ya kumbura, sannan a kwarfe. Inda ya ci gaba da tsattsafowa bayan nan, ka yi masa alama da gawayi ka kira ni in gani.