Tsohuwar Marsandi na buƙatar taya: wacce zan saka mata?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ina da Mercedes-Benz E-Class ƙirar 2006 da na saya a hannu. Inji lafiya lau, amma tayoyin sun fara tsattsagewa a gefe, kuma idan na hau babbar hanya ina jin gurnani daga baya. Abin da ke rubuce a jikinsu shi ne 245/45 R17 95W. Mai sayar da taya ya nuna min kala uku: wata mai tsada da ke da alamar MO, wata sabuwa mai sauƙin kuɗi da aka rubuta 225/45 R17 91V wadda ya ce za ta hau rim ɗina ba matsala, sai kuma ta hannu wadda zanenta bai ci ba ko kaɗan. Wani abokina kuma ya matsa min in koma rim mai inci 19 don motar ta ƙara kyau. Ba na yawo da ita sosai, kuma ba na gudu. Gaskiya ina ƙyashin zuba kuɗi mai yawa a tayar motar da ta tsufa haka. Wacce zan ɗauka?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Maganarka ta ƙarshe zan fara kamawa, domin ita ke kai masu irin motarka ga zaɓin da bai dace ba. Darajar motar a kasuwa ta faɗi, babu musu, amma nauyinta bai ragu ko da kilo ɗaya ba. Mota ce da ta haura tan ɗaya da rabi ba kowa a ciki, idan kuma aka cika ta da mutane aka loda but, sai ta wuce tan biyu. Duk wannan nauyin taya huɗu ke ɗauka, su ne kuma za su tsayar da shi ranar da ka taka birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Saboda haka da nauyin motar za ka auna tayar, ba da kuɗin da za a taya ta a kasuwa ba. Hakan ba ya nufin sai ka sayi mafi tsada, zan zo kan wannan.

Kafin ka koma wurin mai taya, buɗe murfin tankin mai ka duba cikinsa, ka duba jikin ƙofar direba, sannan ka buɗe littafin motar idan kana da shi. Mercedes kan manna takardar awon iska a murfin tanki, littafin kuma yana lissafa girman tayoyin da kamfani ya amince da su. Na ce ka duba ne don a hannu ka sayi motar, abin da ke ƙafarta yanzu ba hujja ba ne, wataƙila mai ita na farko ne ya saka abin da ya samu. A naka dai lambar da ka kawo tana cikin waɗanda wannan ƙirar ke fitowa da su.

Lambar kanta ga abin da take faɗa. Faɗin tayar milimita 245 ne. Tsayin gefenta kashi 45 cikin ɗari na faɗin, wato kusan milimita 110. Rim inci 17. Sai 95W, wanda yawancin masu saye ba sa ko kallonsa, alhali a nan maganar take. Lamba 95 tana nufin kowace taya za ta iya ɗaukar kilo 690. Harafin W kuma yana nufin an gwada ta har gudun kilomita 270 a awa.

To, ɗauki mai sauƙin kuɗin nan ka ajiye ta kusa da wannan lissafi. Mai taya bai yi ƙarya ba, za ta hau rim ɗin, za ta sha iska, motar za ta tafi. Sai dai lamba 91 kilo 615 ce, wato kowace ƙafa ta rasa kilo 75, ƙafa huɗu kilo 300 ke nan. Tayar da ke aiki dab da iyakar ƙarfinta gefenta yana yawan lanƙwashewa, lanƙwashewa tana haifar da zafi, zafi kuma shi ke raba roba da wayoyin ƙarfen da ke ciki. Ba ranar da aka saka ta za ta nuna ba. Sai ranar tafiya mai nisa, da rana tsaka, mota cike, iska ta ɗan ragu ba ka lura ba. Ban da wannan, ta fi taka gajarta da kusan milimita 18, don haka motar za ta ɗan sauka ƙasa, agogon gudu kuma zai riƙa ƙara maka kusan kashi uku cikin ɗari a kan abin da kake yi. Wannan tayar an yi ta ne don motoci masu ƙarancin nauyi. Cire ta daga lissafi, komai arharta.

Za ka ce ai ba ka gudu, me zai haɗa ka da kilomita 270. Haka ne, ba kuwa wanda ya ce ka yi. Amma harafin yana nuna yadda aka gina tayar ta jure zafi, da yadda take amsa sitiyari. H kilomita 210 ne, V 240, W 270, Y 300. Ƙa'idar ita ce kar ka sauka ƙasa da harafin da littafin motarka ya ambata, hawa sama kuma ba laifi. Lambar nauyi ma haka. Idan ka ga irin girmanka da 99 da haruffan XL, wannan mai ƙarin ƙarfi ce, kilo 775 take ɗauka, za ta yi maka, sai dai tana iya ɗan fin ɗayar tauri a ƙafa.

Ta hannun ita ce mai ruɗar ido, kuma ita ta fi dacewa mu tsaya a kanta, musamman da ka ce ba ka yawo sosai. Taya tana mutuwa ta hanya biyu: ko ta suɗe, ko ta tsufa. Mai yawan tafiya suɗewa ke cinye masa taya. Irinka kuwa shekaru ne ke kashe ta, zane yana nan kamar sabo amma robar ta bushe ta yi tauri. Tsagewar da kake gani a gefen naka ke nan. Busasshiyar roba ba ta kama kwalta idan an yi ruwa, kuma ba a gane hakan da ido ko da ɗan yatsa.

Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta. Nemi layin da ya fara da DOT a gefenta, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Sau da yawa gefe ɗaya kawai ake buga cikakkiyar lambar, in ba ka gani ba ka sa a juya maka ita. Idan lambobin uku ne kacal, an yi ta kafin shekarar 2000, ba ta da aiki a kan hanya. Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya ga ƙwararre ya duba ta duk shekara da zarar ta yi shekara biyar tana aiki, idan kuma ta cika goma daga ranar da aka yi ta a cire, ko da ba ta nuna komai ba. Wasu masu ƙera motoci ma shekara shida suke cewa. Tayar hannu mai kyan zane galibi ta riga ta cinye rabin wannan wa'adi ko fiye. Sannan ba ka san tarihinta ba: ko an taɓa tafiya da ita babu iska, ko ta daki rami wayoyin ciki sun karye, ko an yi mata faci a gefe, inda bai kamata a yi faci ba. Ni ba zan saka ta a ƙarƙashin mota mai wannan nauyi ba. Ko sabuwar ma ka duba lambarta, don akwai wadda ba a taɓa sakawa ba amma ta shekara huɗu a ajiye. Wadda aka yi cikin shekara ɗaya ko biyu da suka wuce ita za ka nema.

Mai alamar MO kuma taya ce da aka yi bisa buƙatar Mercedes, kamfanin ya gwada ya amince. BMW tauraro suke sakawa, Audi kuma AO. Taya ce mai kyau, idan aljihu ya ɗauka ba na hana ka. Amma ba dole ba ce. A motar da ta yi wannan shekarun, wadda shokozoba da bushin ɗinta ba sababbi ba ne, da wuya ka ji bambanci tsakaninta da wata tayar kirki mai girma ɗaya da lamba ɗaya. Ka dai kula kar ka rikita MO da MOE. Ta biyun irin wadda ake iya tafiya da ita bayan ta yi faci ce, kusan kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba, kuma gefenta ya fi tauri. Idan kana da safaya a but, ba ka da buƙatarta.

Abin da zan sa ka nema shi ne kala na huɗu da mai tayar bai nuna maka ba: sabuwa, 245/45 R17, lamba 95 ko sama, daga jerin tayoyin tafiya mai laushi, ba na tsere ba. Manyan kamfanoni duk sun raba kayansu haka. Michelin na da Primacy a gefe ɗaya, Pilot Sport a ɗaya gefen. Bridgestone na da Turanza da Potenza, Pirelli na da Cinturato da P Zero. Na farkon a kowane biyu shi ya dace da kai: ya fi shiru, ya fi laushi, ya fi daɗewa. Na biyun riƙon kwana yake sayarwa, abin da ba ka ce kana nema ba. Idan waɗannan sun yi tsada, kamfanoni irin su Hankook, Kumho, Falken da Toyo suna yin wannan girman, kuma ba abin kunya ba ne a ƙafar Marsandi. Wanda nake gudu shi ne sunan da ba wanda ya san mai shi, ba ka samun sakamakon gwajinsa ko'ina.

Idan tayar tana da takardar Tarayyar Turai a manne, wadda aka wajabta tun 2012, duba harafin da ke kusa da hoton ruwan sama. Shi ke nuna riƙon birki a jiƙaƙƙiyar hanya. A ko B za ka ɗauka. Ƙarar tayar ma tana rubuce a wurin. Yanayin inda kake shi ma yana da ta cewa: inda ba a sanyi mai tsanani, tayar bazara ta wadatar duk shekara, inda sanyi ke sauka ƙasa da digiri 7 ko ƙanƙara ke zuba kuwa, sai ta kowane yanayi ko ta hunturu.

Shawarar abokinka ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Idan rim ya koma inci 19, dole gefen taya ya gajarce don tsayin ƙafar ya tsaya yadda yake, sai ka koma wajen 245/35, gefe ya sauka daga milimita 110 zuwa kusan 86. Wannan robar da ka rage ita ce ke shanye gargada kafin ta iso kujera. Za ka sayi rim huɗu, ka sayi taya mafi tsada, ka sami mota mai bugu, kuma rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa rim ko ya fito wa taya da ƙulu a gefe. Laushin tafiya shi ne abin da ya sa ake son wannan mota. Bar ta a 17.

Gurnanin bayan nan kuma kar ka ɗora wa taya laifinsa tun ba a bincika ba. Shafa tafin hannunka a kan zanen tayar baya. Idan ka ji tudu da kwari, ko ka tarar gefen ciki ya cinye na waje yana nan, to ƙafar motar ce ke cin tayar: shokozoba ta mutu, ko bushin ya saki, ko saitin ƙafa ya goce. Idan taka mai balan-balan ɗin iska ce, wato Airmatic, kuma tana kwana ta zauna ta gefe ɗaya, a gyara wannan tukuna. Idan kuma zanen sumul yake amma ƙarar tana canzawa lokacin da ka ɗan karkata sitiyari hagu ko dama, a duba boris. Duk wanda ya saka sabuwar taya a kan ƙafar da ba a gyara ba, cikin 'yan watanni zai sake jin gurnanin nan. Kuɗin da ka rage ta hanyar barin mai MO, nan ya kamata ya tafi: gyaran ƙafa, alaimen na ƙafa huɗu, da balansin.

Huɗun duka ya fi kyau ka canza lokaci ɗaya, tunda tsufa ne ya kama su, kuma tare suka tsufa. Idan motar 4MATIC ce, wato mai jan ƙafa huɗu, wannan ya ƙara zama dole, don bambancin tsayi tsakanin sabuwa da tsohuwa yana wahalar da na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Idan mai jan baya ce kuma biyu kawai za ka iya saya yanzu, sababbin a baya za a saka, iri ɗaya hagu da dama. Mutane da yawa suna ganin gaba ya fi cancanta, amma idan baya ya zame a kan ruwa, motar juyawa take yi, kuma ba kowane direba ke iya dawo da ita ba.

Ranar sakawa ka tsaya a wurin. A canza bawul, don shi ma roba ce mai tsufa. Idan tayar tana da kibiya ko an rubuta Outside a gefe ɗaya, a bi yadda aka nuna. Iska kuma a bi takardar murfin tanki, a auna tayar tana sanyi. Awon iskar da aka rubuta a jikin tayar iyakar iskar da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake cikawa ba. A ɗaure kusoshin ƙafa da sifana mai awo, ba a barsu yadda injin iska ya danna su ba, sannan bayan ka yi kilomita 50 zuwa 100 ka koma a sake gwada ɗaurinsu. Kafin ka rufe but, ɗaga safayar ka karanta tata lambar DOT ɗin. Idan ita ce ta zo da motar daga kamfani, ta 2006 ce ko ma kafin nan, ita ma a saka ta a lissafi.