Filar mota a jikin kwale-kwale? Kar ka soma

Kai yaro, na ga saƙonka wai "Maigida kwale-kwalen nan ya zo wajen fenti, in shafe shi da filar 'yan gyaran mota ko da me?" Wato kwaɓin nan da suke cike lotsawar mota da shi kafin fenti. Wallahi ina karantawa raina ya ɓaci, ba da kai nake ba, wani Alhaji ka tuno min.

Shekarun baya ya zo shago yana son ƙaramin jirgi na shaƙatawa a dam ɗin Tiga. Da ƙafata na je 'yan katako Na'ibawa na zaɓo busasshen katako, sati biyar ina kansa. Da aka zo shafe na ce ifoksi za a sa, wato wani gam mai ruwa biyu da ake haɗawa ya daskare ya tare ruwa, yana jin kuɗin ya ce Allah ya kiyaye, ai motarsa da aka yi wa fila shekara uku tana shan ruwan sama ba abin da ya same ta. Na ce Alhaji mota wanka take yi, jirgi kuwa a ruwa yake kwana. Ya kafe, ni kuma kwaɗayin ciko ya sa na biye masa. Ko wata biyu ba a rufa ba fenti ya yi bororo, fila ta dinga ɓamɓarowa kamar ƙanzo a gindin tukunya. Mutumin nan ya danne min cikon dubu 180, sannan ya bi gari yana cewa ban iya aiki ba. Ni! Har yau in mun haɗu wajen ɗaurin aure hannu kawai nake ba shi.

Filar mota ruwa take tsotsa, ga katako yana kumbura a ruwa ya tsuke da hunturu, ita kuwa ba ta binsa, sai ta tsage. Ifoksi za ka nema, ka fara shafa shi tsurarsa katakon ya sha, sannan ka kwaɓa wani da garin katako mai laushi ka cike ramin ƙusa da mahaɗa. Amma wannan kwaɓin in ya bushe dutse ne, don haka na lailaye jiki akwai wata hoda mara nauyi da ake ce wa maikrobalun, ita ke gogewa da sauƙi. Ka duba kasuwar Ƙofar Ruwa, in babu a aiko maka daga Legas.

Kaɗan-kaɗan za ka kwaɓa, a zafin Kano in ka cika gwangwani sai ya ɗau zafi ya daskare a hannunka. Kuma ka bi awon da ke jikin gwangwanin, kar ka ƙara hadina, wato ruwan da ke sa shi daskarewa, wai ya bushe da wuri, na san halinku yaran yanzu komai sauri, waya a hannu ɗaya aiki a ɗaya. Inda kwalta ta taɓa kuwa ifoksi ba ya kamawa, sai ka kankare tas.

Maganar sanfefa kar ma ka tambaye ni, shekararka biyu a shagona.