Me ya sa gem na biyu ya kasa kamo ƙafar na farko?

Tambaya: Salam Malam. Akwai wani gem na faɗa da yawo da na gama har sau biyu saboda daɗinsa, da na biyunsa ya fito na saya da zumuɗi, amma wallahi faɗan ya gundure ni, in yi ta sara abokan gaba sun ƙi mutuwa, labarin ma na rasa inda ya dosa. Ni ne na canja ko gem ɗin ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba ka faɗi sunan gem ɗin ba amma ciwon sananne ne, kuma yawanci daga abu ɗaya yake tasowa, wato masu gem sun ga na farko ya karɓu sai su ce bari a ƙara komai, makamai, taswira, jarumai, to a garin ƙarin ne ake zubar da abin da ya riƙe ka tun farko.

Fara da faɗan tukuna. Daɗin faɗa a gem ba yawan madannan da kake latsawa ba ne, shi ne abokin gaba ya tilasta maka canja dabara, wannan sai ka kauce masa, wancan sai ka fasa garkuwarsa kafin sara ya shige shi. In kuwa abin da aka yi kawai shi ne an ƙara musu tsawon rai, to aiki aka ba ka. Devil May Cry 2 na Capcom da ya fito a 2003 shi ne misalin da kowa ke kawowa, bindigogin Dante, jarumin gem ɗin, sun yi ƙarfi har za ka iya tsayawa can nesa ka danne madanni ɗaya kana harbi har bos, wato babban abokin gaba, ya faɗi, takobin ya koma kamar ado, ga Dante ɗin da aka sani da surutu da izgili ya zama shiru-shiru. Sai da aikin ya yi nisa aka kawo wani darakta, Hideaki Itsuno, ya jagoranta, shi ne kuma ya dawo da martabar abin da na uku a 2005.

Labari kuma matsalarsa daban. Dubi God of War na 2018, duk tafiyar a jimla ɗaya take, Kratos da ɗansa Atreus za su kai tokar gawar Faye, mahaifiyar Atreus, ƙololuwar dutse mafi tsawo, ko wata biyu ka ajiye gem ɗin in ka dawo ka san inda za ka. Na biyunsa, Ragnarök na 2022, gem ne mai kyau ƙwarai, ni kaina ina sonsa, amma da yake masu gem ɗin, Santa Monica Studio, sun yanke shawarar rufe labarin a gem biyu maimakon uku sai kaya suka yi masa yawa, ga allolin labarin irin su Odin da Thor da Freya ga annabci ga yaƙin ƙarshe. Sannan ana tsaka da zafi a ɗauke ka a kai ka wani daji mai suna Ironwood kana bin wata yarinya Angrboda kuna tsintar 'ya'yan itace a kan dabba, minti kan minti, hannunka na ƙaiƙayin gatarin Kratos. Kuma ka iso wurin da ake so ka yi tunani, kafin ka gama dubawa abokin tafiya ya faɗa maka amsa, abin ya dami mutane har da aka kawo shi kwamfuta a 2024 an sa wurin rage wannan surutun.

Amma fa kai ma kana da kaso. Ranar da ka fara jefa makami ya dawo hannunka, kamar gatarin Kratos, ba za ta sake zuwa ba, hannunka ya riga ya goge.

Ga gwajin da nake ba mutane. Ka sauke wahalar gem ɗin mataki ɗaya ka buga awa biyu, ka bar ƙananan aike-aiken gefe ka bi babban labarin kawai. In faɗan ya yi armashi to dama tsawon ran abokan gaba ne ya gajiyar da kai, ci gaba a haka ba abin kunya ba ne. In kuma har yanzu da sara iri ɗaya kake kashe kowa, kuma aka tambaye ka me jarumin yake nema ka yi shiru, goge shi kawai ka samu fili a na'urarka.